Sau Uku Ya Faɗa

Daren Laraba, watan Azumin Tsofaffi

Yi barcinki, Hassu. Ɗazu da la'asar ina kaɗin zare, babanki ya dawo daga zauren Malam inda suke karatun shari'a. Ya zauna bakin ƙofa da takardunsa, ya ja Larabci, sai na ji ya ce, "Ke sakakkiya ce." Har sau uku, bai ko ɗago kai ba.

Na ƙulle tsummokarana, na goya ki, na yi gidan Malam. Duk hanya tunanina ɗaya, ana yaye ki danginsa za su karɓe ki.

Inna matar Malam ta kai maganar zaure. Malam ya leƙo ya ce, "'Yata, bita yake yi, babin saki muke. Mai karanta hukunci bai saki kowa ba. Koma ɗakinki." Ya hana su bita cikin gida, sai gindin tsamiya.

Babanki har yanzu dariya yake, wai jibi za su shiga babin mutuwar miji. Ga ƙullin kayana nan bakin gado. Yau dai ba ni da ƙarfin kwance shi.