Kalangunka da Na Bayar a Kwaikwaya

Zuwa ga aminina Garba Makaɗi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Yau Talata, ana ta ruwa a nan Guangzhou ta ƙasar Sin tun asuba. Ƙafafuna sun kumbura, tarin ma bai bar ni ba, amma hannu yana riƙe biro. Na san takarda ba ta isa inda kake. Zan ba ɗalibanmu da ke karatu a nan su buga a inda mutanenmu ke karantawa, don abin da zan faɗa maka bai kamata na ɓoye musu ba.

Ka san ɗana Bashir, mai safarar takalma daga kasuwar Zhanxi ta garin nan. Shi ya kawo ni nan neman magani. Yana fita da safe, sai dare nake ganinsa.

Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo tana nan a Kano da sauran numfashi, amma mai gidan da yara ke gwaji a ciki ya ce su tashi ƙarshen watan nan. Hukuma kuwa halinta bai sake ba. In baƙo zai zo, a aiko mota, a ɗinka mana riguna. In ka ce haya, ko wuta, ko ɗan abin da yaro zai ci ya dawo gobe, sai a ce babu kasafi. Ka tuna abin da kake cewa? "Inuwa, suna son rawa, ba sa son ganin mai rawa ranar Litinin."

A ƙasan benenmu akwai ɗaki mai fanka da kujeru, hukumar unguwa ta ba tsofaffin 'yan ƙasar, kullum suna waƙoƙinsu na gargajiya a ciki. Ɗalibanmu baƙar fata sun roƙi irinsa. Aka ce musu "meyo", wato babu, amma ana marhabin da su ranar biki su zo su yi rawa. Ka ga ko'ina labarinmu ɗaya.

To, ga abin da na yi.

Wani darakta daga ofishin al'adu na gida ya zo garin nan sayayya. Ganguna yake so masu yawa, na roba, waɗanda za a rataya wa yara ranar tarbar baƙi. Ya ba Bashir kwangilar. A nan kuwa masana'anta ba ta aiki da bayani, sai ka kai mata samfur ta gani. Kalangu ɗaya ne a gidan nan, naka, wanda iyalinka suka ba ni ranar sadakar uku, na ƙi rabuwa da shi har cikin jirgi.

Bashir ya durƙusa ya ce, "Baba, aro ne kawai. Kuma darakta ya yi alkawari zai zo da kansa ya ji maganar haya." Ban yi gardama ba, Garba. Da hannuna na ciro shi daga jaka na miƙa. Na gaya wa kaina don yara na yi.

Ban san yadda suke kwaikwaya ba. Ashe sai sun farke abu. Shekaranjiya aka dawo mini da shi a leda: ice daban, fata daban, igiyoyin duk an yanka. Tare da shi aka haɗo na robar guda, ja mai ƙyalli. Na matsa shi a hammata kamar yadda kake yi, muryarsa ba ta sauya ba. Ba ya magana. Sauran an riga an kai su tashar jiragen ruwa ta Huangpu, za su bi jirgin ruwa zuwa gida, kuma yaranmu za a rataya wa.

Kai da ba ka yarda kowa ya ajiye shi a ƙasa. Na tuna ranar da ruwa ya kama mu a hanyar Wudil, ka tuɓe rigarka ka naɗe shi, ka iso gida kana rawar ɗari kana dariya. Na kasa sake buɗe ledar nan. Tana ƙarƙashin gado, ina jin kunyarta kamar mutum ne kwance a wurin.

Ka yafe mini, ɗan'uwana. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya ba yaran nan inuwar da za su fake, Ya sa in mun haɗu ka yarda ka dube ni.

Amininka,
Inuwa

Yau ne darakta ya ce zai zo bayan azahar. Na sa babbar riga, na dafa shayi, na zauna kusa da ƙofa don kada na makara wajen buɗewa. Yanzu Bashir ya bugo waya: jirgin su darakta ya tashi tun safe.