Mai Agwagin da Aka Hankaɗa Kogi

Daga: Mai aski, shagon da ke kallon tashar mota
Zuwa ga: Mai girma Daraktan Shirye-shirye, Gidan Talabijin
Kwanan wata: 19 ga Mayu

Game da: Ɓacewar wani bawan Allah a fim ɗinku mai dogon zango na sarakunan da

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gabatar da ƙorafina kamar haka:

1. Ranar Talata, 6 ga Mayu, kun nuno yarima ƙarami ya kwaso runduna zai ƙwace gadon sarauta daga hannun yayansa. A kan gada suka ci karo da wani dattijo yana kora agwaginsa. Wani soja ya hankaɗa shi kogi, kyamara ta bi yarima. Ko waiwaye ba a yi ba.

2. Mahaifina, wanda kiwon agwagi ya tsufa a hannunsa, yana kan kujerar askina ina rage masa gemu lokacin da abin ya faru a talabijin ɗin shagona. Tun ranar, da na buɗe shago sai ya haye kujerar, wai ba zai sauka ba sai ya ga mutumin ya fito. Kujerar nan ita kaɗai gare ni, Ranka ya daɗe. A kan bokiti nake zaunar da masu zuwa aski, rabinsu sun koma wajen maƙwabcina, wanda ko saje bai iya daidaitawa ba.

3. A sati biyun nan kun nuna yarima ya yanke a ɗan yatsa, an yi ta kiɗan tausayi har shayina ya huce. An binne karen sarauniya da jawabi. An ƙone ƙauyuka uku, hayaƙi kawai muka gani. Wannan, cikin girmamawa, rainin wayo ne.

4. Na gaya wa Baba wasa ne, ya ce shi ma ya sani, amma ruwan ai na gaske ne. Yanzu abinci ma sai an lallaɓa shi. Wallahi abin ya daina ba ni dariya.

Don haka ina roƙon a nuno dattijon ya fito gaɓa, ko da a bayan dokin wani ne, ko da agwagwa ɗaya ce ta rage masa. In kuwa ya rasu ne, a daure a faɗa mana sunansa. Baba na so ya yi masa addu'a, kuma ya ce ba zai ɗaga hannu ya ce wa Ubangiji "wancan mai agwagin" ba.

A huta lafiya, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Mai aski
(sa hannu)