Kyautar Suruka da Batirin Garkar Mata

Zuwa ga: Mai girma Magajin Garin Matameye
Daga: Hajiya Zulaiha Ummaru, a madadin ƙanwarta Batulu Ummaru, Matameye
Kwanan wata: 14 ga Maris, 2023

Game da: Hana Lawwali mai haɗa batir sana'arsa bayan gobarar garkar mata

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ban girma, ina gabatar da wannan ƙorafi da yawun ƙanwata Batulu, wadda tun ranar da aka hana Lawwali aiki ko zaure ba ta leƙa ba. Tsohuwa ce ke rubutu, a yi haƙuri in zance ya yi tsawo.

1. Lawwali shi ke auren Sa'a, 'yar Batulu. Shi ya haɗa wa matan garkarmu, wato lambun rani, babban batir mai ƙarfin wuta don injin ban ruwa, daga tsofaffin ƙwayoyin batir da ya jera. Ya ce irin wannan ba ya zama sai da wani ɗan allo da suke kira BMS, mai gadin kowace ƙwaya, wanda ke yanke wuta in ɗaya ta cika fiye da kima, kuma dole a zaɓi daidai da yawan ƙwayoyin. Ya aika Kano a kawo, shiru.

2. Batulu ta ji wannan a bakin Sa'a, ga albasa tana yaushi. Ranar kasuwa cikin Fabrairu ta je shagon Alhaji Illo, shugaban ƙungiyar masu aikin sola, ta nemi allon, ta faɗa masa ko don wane batir ne. Ya miƙa mata wani ƙarami, ya ce wannan ko jirgi zai tsare. Daga baya muka ji na batirin fitila da fanka ne. Ta naɗe shi a sabon ƙyalle, ta ɗora goro, ta ba Sa'a ta kai wa Lawwali kyauta. Ranar har waƙa ta yi tana tankaɗe.

3. Mai girma ya san tsakanin suruki da suruka. Lawwali ba ya cin abinci a gabanta, in ya hango ta sai ya sake hanya. Da ya buɗe ƙyallen ya gane bai dace ba. To, ya mayar mata ya ce me? Sai ya ɗaura shi ya tsare iyakar ƙwayoyin da zai iya, da niyyar sauyawa a ɓoye in na Kano ya iso. Ranar 2 ga Maris, rana tsaka, waɗanda ba su da gadi suka yi zafi, rumfar injin ta kama. Allah ya tsare, ba wanda ya ji ciwo.

4. Ranar 6 ga Maris ƙungiya ta zauna, Alhaji Illo ne a kan kujera. Aka tambayi Lawwali wa ya zaɓi allon. Batulu tana tsaye bayan zana tare da matan garka, ya kuwa san tana nan. Ya dubi ƙasa ya ce shi ne. Alhaji Illo bai ce uffan game da shagonsa ba, ya hana shi aiki, ya sa aka yi shela a kasuwa. Batulu ta koma gida da maganarta a ciki. Yanzu yara suna kiran Lawwali Mai Toya Albasa, ita kuma tuwo ba ya wuce mata.

Lawwali ya yi kuskure da ya ɗaura abin da ya san bai isa ba, Batulu ba ta musa ba. Amma ba jahilcin aiki ba ne, kuma wanda ya sayar bai kamata ya zama alƙali ba.

Saboda haka tana roƙon mai girma ya sa a sake zama ba tare da Alhaji Illo yana shugabanta ba, a ji ta bakinta, a ɗage hanin, a yi shelar haka a inda aka yi ta farko. Allon Kano ya iso ranar 9 ga wata, yana ajiye, ba wanda aka yarda ya ɗaura shi.

Roƙo na ƙarshe, ranka ya daɗe: a kira Batulu da Lawwali rana dabam-dabam. In aka haɗa su ɗaki ɗaya, Lawwali zai sake duban ƙasa ya ce shi ne.

Da matuƙar ladabi da biyayya,

Hajiya Zulaiha Ummaru (sa hannu)
Batulu Ummaru (dangwalen yatsa)