Na Faɗa wa Likita Labarin Sadisu

Gudu, Abuja

Zuwa ga Abban Farouk,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Yaya aiki a Yola, yaya kuma gwiwar nan taka? Yara duk suna gaishe ka.

Ranar Talata na kai Nabilah asibiti. Yarinyar da take cinye littafi a kwana biyu, yau wata biyar ke nan tana maimaita shafi ɗaya sau huɗu. Na aike ta kasuwa sayen abu uku, ta tsaya gaban mai tumatir ta kira ni tana kuka, ta manta abin da na aike ta. Kai ka ce waya ce ta lalata ta.

Likita Linda ta yi awa biyu tana gwada ta. Ta karanta mata kalmomi goma sha biyar, biyar ta riƙe. Ta ce ta lissafo dabbobi cikin minti ɗaya, ta tsaya a bakwai. Nan Nabilah ta faɗi abin da ta ɓoye mana: wani lokaci takan ji kamar an kira sunanta, alhali ta san ba kowa. Likita ta ce ba ta kamu da taɓin hankali ba. Tana dai cikin waɗanda ake sa wa ido, kuma yawancinsu ba sa kamuwa.

Sai ta tambaya ko akwai mai irin ciwon a dangi. Ban manta gargaɗinka na kada a ta da zancen nan ba. Na faɗa mata labarin ƙaninka Sadisu, shekara goma sha ɗaya a ɗakin baya a Katsina, ana ce wa baƙi yana karatu a Sudan.

Na san tsoronka kada dangin mai neman auren babbar 'yarmu Rukayyat su ji. Kai da digiri biyu! Ba zan ɓoye ciwon ƙarama don in aurar da babba ba. Ina sonka, shi ya sa na rubuta maimakon in kira, don na san bakina.

Za mu koma ranar sha huɗu ga wata. Likita tana son sanin yadda na Sadisu ya fara, kuma kai ne kuke ɗaki ɗaya da shi a lokacin. Ka nemi hutu ka zo. In ba ka zo ba, zan je Katsina in tambayi Hajiya mahaifiyarka da kaina, a gaban duk wanda na tarar.

Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Ummukulthum