Kawu Abdu Ya Ciyar da Motar

Zuwa ga yayana Mamman, shofar mai tuƙa mota, a duk inda wannan takarda ta same shi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta abokan aikinka, ina sanar da kai cewa daga Madawa nake rubuto maka, a gindin bangon gidan likita. Tun da aka gama yaƙi takwarorinka suka dawo, kai kuwa labarinka na ƙarshe da muka ji shi ne kana tuƙa kamiyon soja a Dakar. Don haka zan ba kowane shofar mai yin yamma irin wannan takarda. Kai da ka buɗe ta kana karantawa, ba laifi, amma in ka san shi ka kai masa.

Yaya, Inna ce ba lafiya. Kububuwa ta sare ta a gona wajen noma.

Ka san motar da aka kawo wa barikin nan bayan yaƙi, mai ja da ƙafa huɗu? Ba ka san ta ba, a bayanka ta zo. Ni ke tuƙa ta yanzu, ni da ka ce ko jaki aka ba ni sai na kai shi rami. Ran nan na sauke likitan dabbobi a Keita, ina komowa ba kowa ciki, aka tare ni a kasuwar Buza da labarin. An yi wa Inna tsaga, an ɗaure ƙafar, an ba ta saiwoyi, kumburin bai tsaya ba. Allurar maciji kuwa sai Madawa. Na juya kan mota zuwa gida, abin da kumandan mai mulkin bariki zai ce ya faɗa daga baya.

Hanyar nan ba ta sake hali ba. Dutse a kan tudu, rairai a kwari, sai kuma wani dutsen. Maganarka a kan taya tana kunnena tun ina riƙe maka famfon iska: "In ka ga dutse cika ta, in ka ga rairai rage mata, ta buɗe ƙahwa kamar raƙumi." Taya mai taushi a kan dutse, tsini ya yanka ta. Mai tauri a rairai kuma ta haƙa wa kanta kabari. Har yau ba ni da ma'auni, da diddige nake gane ta yadda ka koya mini.

Ka tuna ƙauyenmu yana bakin babbar ƙorama, da an fita sai rairai mai faɗi kafin a hau tudun Madawa. Shi ya sa da na gangaro daga dutse na tsaya bayan gari, na danna bakin iska da tsinken ashana, na rage wa kowace ƙafa har ta ɗan kwanta. Na yi haka ne don in na ɗauko Inna kada in sake tsayawa. Hadari kuma ya riga ya haɗu a gabas, ka san in an yi ruwa can sama ƙoramar nan ba ta sallama.

Na ajiye motar a ƙofar gida na shiga. Ƙafar Inna ta kumbura har cinya, dasashinta yana tsatsar jini. Ta dube ni. Mata suna ta neman zane da buta da tabarma, kowacce tana aiken 'yar'uwarta, ni kuwa zuciyata tana can wajen hadari.

Duk wannan lokaci Kawu Abdu yana waje. Ka san halinsa. Tun muna yara baƙo bai taɓa sauka gidanmu ba sai shi ya kama linzami, ya cire sirdi, ya kawo harawa da ruwa kafin a ba mai dokin fura. To, ya zagaya motar ya ga ƙafafunta sun lotsa. Ya taɓa ganin ina aiki da famfon, ya san inda nake ɗaure shi. Ya tara samari suka yi ta bugawa bi da bi, har tayoyin suka yi tauri kamar turmi.

Da muka fito da Inna mutanen gari sun kewaye motar, ba a ganin ƙafa ko ɗaya. Muka shimfiɗe ta a baya, Kawu ya hau ya riƙe kanta a cinyarsa, na tayar.

Ba mu kai tsakiyar ƙorama ba na ji motar tana nauyi a hannuna. Na sa mata ƙafa huɗun, ta yi gurnani, ta watsa rairai, ta zauna har ciki. Na diro na sa diddige, ya dawo mini. Kawu ya leƙo da fara'arsa ya ce: "Dokin baƙo ba shi barin gidanmu da yunwa. Mun gane ta ta rame, munka cika maka ita."

Yaya, me zan ce da ƙanen mahaifiyata? Na durƙusa na fara sakin iskar, yana jin ƙararta tana fita, yana kallon hannuna. Can ya daina fara'ar.

Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Iska mai sanyi ta fara kaɗowa daga gabas da ƙamshin ruwa. Motar da ta riga ta nutse, ragi na kullum ba zai fitar da ita ba, sai an rage fiye da haka. In kuma na zarce, tayar ta saɓule daga ƙarfenta, mun kwana nan. Ina ne iyakar? Wannan ba ka koya mini ba, ka tafi. Na yi ta sakewa ina dubawa, ina tambayarka a raina, ba amsa.

Mutanen gari suka rugo da hauya da zana da karan bara. Muka haƙe gaban ƙafafun, muka shimfiɗa, suka sa kafaɗa. Na ja ta a hankali, ba garaje, ina jin tayoyin suna lanƙwasa ƙarƙashina. Ta motsa, ta ƙi, ta sake motsawa, ta hau kan zanar ta tafi. Ban waiwaya ba sai da na taka gaci. Masu turin suna komawa da gudu, jan ruwa ya riga ya fara malalowa a gefen rairan.

Ga dutse kuma a gabanmu, ga ƙafafu kwance, tayar ajiya guda ce. In na taka haka za su yanke. In na tsaya bugawa, Inna tana zubar da jini. Na tsaya. Kafin in kwance famfon Kawu ya karɓe shi daga hannuna. Tsohon nan ya cire rawani ya yi ta bugawa, hawaye yana bin gemunsa, ya ƙi ba ni ko sau ɗaya. Ni dai ina sa diddige ina ce masa ya isa, mu koma waccan.

Mun shigo Madawa rana ta yi ja. Likita ya yi wa Inna allura, ya ce da an ƙara jinkiri da ba sai an wahalar da shi ba. Na tambaye shi ko za ta tashi, ya ce mu jira. Har yanzu jiran muke. Jinin ya ragu, zazzaɓin bai sauka ba. Kawu yana bakin ƙofa, an kawo masa fura ya ƙi sha.

Yau da hantsi na shiga wajen Inna, da warin man mota a jikina. Ta shafa hannuna, ta damƙe. Kai ɗan fari ne, ka san tun da ta haife ka ba ta taɓa kama sunanka ba, ko a bayan idonka sai dai ta ce "wancan". Yau ta faɗe shi a fili, a gaban mutane. Ta ce: "Mamman, ashe ka zaka." Ban gyara mata ba, Yaya. Na ce na'am.

Ban san kwana nawa zan iya riƙe mata wannan na'am ɗin ba. In idonta ya washe za ta ga ni ne. Ka taho. In ba mota ka hau abin da ka samu.

Allah ya tashi kafaɗun Inna, ya sanyaya zuciyar Kawu, ya sa takardar nan ta same ka da rai da lafiya, ya buɗe maka hanyar gida. Amin.

Ni ne ƙanenka,
Isufu, a Madawa.