Jan Zakaran Yaya Sa'a

Damagaram, 6 ga Oktoba

Yaya Sa'a,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mutanen Hamdara, kuma girbi ya yi albarka. Na rubuto ne tunda kunnenki ba ya jin magana a waya.

Gambo direba ya kawo kwandon kaji jiya, kuma gaskiya raina ya ɓaci. Kin san tun da na ajiye koyarwa a lakwal, makarantar boko, nake son kafa kiwo a bayan gida, ni da matata Rahina mu riƙa samun ƙwai da 'yan tsaki. Na roƙe ki ki zaɓo mini na kirki. Sai ga kaji huɗu ƙanana da wani jan zakara mai dogayen ƙafafu, duk ƙashi, ga tabo a wuya. Ina buɗe kwandon ya cake ni a hannu. Maƙwabcina Kassim har da riƙe ciki don dariya, ya kira ni yadda ake kiran malamin lakwal, ya ce, "Mushe, kiwo za ka yi da wannan ko dambe?"

In ba ki da na bayarwa, da kin faɗa mini, in je kasuwa. Ban zaci matsayina ke nan a wurinki ba.

Ƙaninki,
Yakuba

Hamdara, 15 ga Oktoba

Yakuba,

Muna lafiya, gero ya shiga rumbu. Ka gaida Rahina, ita ba ta yi mini laifi ba.

An ce ka koyar da yara shekara talatin, amma kaza ba ka san ta ba. Ka kama kowace cikin huɗun nan, ka sa yatsu a ƙarƙashin wutsiyarta, tsakanin ƙasusuwa biyun. Yatsa uku za su shiga. Wadda biyu kawai ke shiga, ci za ta yi ta yi, ba ƙwai. Ka duba idonsu, ka duba zankonsu ja wur, ka shafa ƙafafun ka ji ko akwai kirci. Kwana uku ina zaɓe.

Zakaran kuwa, tabon da kake rainawa shaho ne ya yi masa, ranar da ya sauko kan 'yan tsaki. Shahon bai tafi da ko ɗaya ba. Ka watsa dawa ka tsaya ka gani: ba zai ci ba sai ya kira matansa. Jinin kajin Inna ne, waɗanda na riƙe tun rasuwarta. Annobar kaji ta wuce ta garin nan sau biyu, irin nan bai ƙare ba. Shi ne zakara na ƙarshe da ya rage mini. Na ba ka ne don na ce gidan ɗan Inna ya fi cancanta, na bar kajina ba namiji.

In ba ka so, ka mayar da shi kwando ka ba Gambo. Kada ka sake rubuto mini maganar matsayi.

Yayarka,
Sa'a

Damagaram, 24 ga Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar shirun da na yi. Kunya ce ta hana ni.

Kafin takardarki ta iso, na riga na yi musaya da Kassim. Ya karɓi jan, ya ba ni wani farin zakara ƙato da ya sayo a kasuwa. Ranar har godiya na yi masa. Farin nan ba ya iya hawa katanga, ba ya bin kaji, in an zuba tsaba shi ke fara ture su. Kajinki kuwa sun yi ƙwai yadda kika faɗa. Biyu suka kwanta a kan ashirin da ɗaya, muka jira mako uku da kwana huɗu. Duka bara-gurbi. Rahina ce ta kwashe su, ta toshe hanci.

Na je wurin Kassim na ce a warware. Ya ce, "Mushe, kai ka kawo shi da hannunka, kana cewa a raba ka da masifa." Ina tsaye ina ganin 'yan tsaki jajaye suna yawo a tsakar gidansa. Ashe tun ranar farko ya gane zakaran, dariyar ta sayen kaya ce. Mutumin da muke sallah sahu ɗaya shekara goma sha biyu. Na kai magana wurin mai unguwa, ya ce musaya ta ƙullu, sai dai roƙo.

Kowace asuba ina jin cararsa ta bayan katanga.

Yakuba

Hamdara, 28 ga Nuwamba

Yakuba,

Na karanta. Ban yafe ba tukuna.

Ranar Alhamis ina zuwa a motar Gambo. Ka ɗaure farin nan da kyau, ka sa babbar rigarka, ka raka ni gidan Kassim. Uwarsa Fatsuma ƙawata ce tun muna 'yan mata, kuma tana raye a ɗakin baya. Wurinta za mu, ba wurinsa ba.

In mun shiga, ka gaida ta ka zauna. Kada ka buɗe baki.

Sa'a