Kukan Iya Mai Manja

Oshogbo, 3 ga Maris

Ƙanwata Anike,

Ina gaishe ki, ina gaida jikoki da gwiwar nan taki mai ciwo. Kin ji Baba Ojelabi ya rasu. 'Ya'yansa sun zo har gida sun durƙusa, wai ni zan yi masa kirarin bankwana ranar arba'in, tunda na fi kowa daɗewa a ƙungiyarsa ta wasan kwaikwayo.

Tun da suka tafi nake zaune bakin taga, ina hango tsohuwar motarmu a zuci tana hawan tudun Ilesha, ganguna a ɗaure a sama, ke kina gyangyaɗi da kambun sarauniya na kwali a cinya. A Ilesha ɗin aka raɗa min rasuwar mahaifiyata a bayan labule, na riga na shafa gawayi a haƙori, na ɗaura filo a ƙugu. Na fito na fashe da kukan gaske, jama'a suka kwashe da dariya. Daga ranar na zama Iya Mai Manja, shekara arba'in da ɗaya kukan nan ke ciyar da ni.

Ranar da muka binne ɗana, ina kallon mata suna toshe baki da ɗankwali kada dariya ta kufce musu. Ba laifinsu ba ne, amma ban manta ba. Tsoro nake ji, Anike. So nake sau ɗaya in yi kuka a gaban mutane, a samu ko mutum guda da zai yarda kuka nake. Shi kansa Baba, da na fara kukan a wajen wasa sai ya juya baya kafaɗunsa na rawa. In je ko in ce ba ni da lafiya?

Yayarki,
Wuraola

Abeokuta, 15 ga Maris

Yaya Wura,

Na durƙusa da gwiwa ɗaya, ɗayar ta ƙi. Wato kin tsufa da rigima, kuma har yau kina ganin ƙarshen hancinki ne ƙarshen duniya.

Ke kina gaba kina kallon jama'a. Ni ina can baya a kan kujerar sarauta, shekara da shekaru ba a ba ni aikin komai sai kyau, don haka idan Baba ya juya, fuskarsa ni take kallo. Da bakin babbar rigarsa yake share ido. Tun Ilesha, don shi ya karɓi saƙon kafin ya iso gare ki. Na taɓa yi masa magana muna cin amala a gefen hanya, ya ajiye lomar ya ce, "Kada ki faɗa mata. In ta san akwai mai taya ta, ba za ta ƙara iya tsayawa ita kaɗai ba."

Ya tafi, alkawarin ya tafi. Ki je, ban da gawayi. Ko ɗaukata za a yi, zan zo.

Taki,
Anike

Oshogbo, 12 ga Afrilu

Anike,

Da fatan kin isa lafiya. Kin gudu kafin a raba abinci, ban samu na ce miki komai ba.

Kin dai ji, sun yi dariyar. Daga wata mai jan zanen ashoke ta fara, ta bi rumfa har gindin mangwaro. Na ci gaba da kirarina, muryata na yawo kamar ba tawa ba. Da na ɗaga ido, duk fuskoki ni suke kallo, haƙora a waje, ban da mutum ɗaya can ƙarshen layi da ya juya baya.

Na gane bayanki.

Allah ya sawwaƙe gwiwa.

Wuraola